Ɗinkin Lifidi da Gamuwar Maɗinka a Hanya

Ran nan muna cikin aji, sai wata ɗaliba ta zo da wani mayafi da kakarta ta ɗinka, ta shimfiɗa shi bisa tebur, ta ce, "Malam, mene ne sunan wannan da Hausa?" Na duba da kyau. Ƙyallaye ne iri iri aka yayyanka aka haɗa, aka sa auduga a tsakiya, aka yi masa shafi, sa'an nan aka bi shi da ɗinki layi layi don kada audugar ta taru wuri ɗaya. Na ce mata bargo ne. Amma hankalina bai kwanta ba, gama bargo saƙa shi a ke yi, haka kuma gwado da luru. Sai da na koma masauki da dare na tuna ashe muna da irin wannan ɗinki a ƙasar Hausa, sai dai mu doki da mahayinsa mu ke yi wa. Sunansa lifidi.

Ɗalibar nan ta gaya mini kakarta takan tafi har wata ƙasa don ta sadu da masu irin ɗinkinta, su gwada wa juna aiki. To, wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Maɗinkan Hausa sun daɗe suna bin hanya da allurarsu, suna gamuwa da 'yan'uwansu masu sana'a a garuruwan da ba su jin harshensu. Abin da zan bayyana muku ke nan, amma bari mu fara da lifidin kansa.

Mene ne lifidi?

Lifidi rigar yaƙi ce ta ƙyalle. A kan sami yadi mai ƙarfi a ninka biyu, a ɗinka shi gida gida, a cusa audugar rimi cikin kowane gida har ya yi tauri, sa'an nan a rufe bakinsa. Rimi shi ne babban itacen nan da ya cika birnin Zariya. Audugarsa ba ta da nauyi, ba ta shan ruwa da sauri, amma tana da santsi, ba ta kaɗuwa ta zama zare kamar audugar gona. Saboda santsin nan ne dole a tsare ta da ɗinki, in ba haka ba sai ta zurare ƙasa ta bar sama fanko. Akwai na doki, wanda ke rufe wuya da ƙirji da gindi har kusan gwiwa, akwai kuma na mahayi. Sau da yawa a kan yi fuskarsa da ƙyalle ja da baƙi da fari da rawaya, a yanka su masu kusurwa uku ko huɗu, a jera. Kun ga ke nan har wajen haɗa launi ya yi kama da mayafin kakar ɗalibarmu.

Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya juya da Turanci a 1908, ya ce Sarki Kananeji ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. A lissafin Palmer ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410. Kwalkwali hular yaƙi ce, sulke kuwa rigar ƙarfe ce ta ƙananan zobba. Amfanin lifidi shi ne tare kibiya, gama ko ta huda ƙyallen sai ta maƙale cikin audugar ba ta kai ga fata ba, dafinta ya tafi a banza. Aibinsa kuwa biyu ne. Yana sa doki zafi da nawa, sa'an nan audugar rimi ba ta jure wuta ko kaɗan, shi ya sa abokan gaba su kan harbo kibiya mai wuta. Da bindiga ta yawaita sai zamaninsa ya wuce. Tun da Turawa suka ci Kano a 1903, wurinsa ya koma hawan Salla, inda har yanzu a ke ganin 'yan lifidi cikin rundunar sarki.

Masana harshe suna ganin kalmar daga Larabci ta fito, daga sunan wani ƙyalle mai kauri na ulu da a ke sa wa ƙarƙashin sirdi. Abin kuma ba namu ba ne mu kaɗai. Denham, wanda ya iso Barno a 1823, ya ga mahayan Bagarmi da irinsa, har an zana hoton ɗaya cikin littafin tafiyarsu. A Sudan ma mayaƙan Mahadi sun yi wa dawakinsu, akwai wanda ke ajiye a babban gidan kayan tarihi na Landan. Watau daga Sakkwato har bakin kogin Nilu ɗinki ɗaya ne. In kun tambaya yaya aka yi haka, amsar ita ce hanya.

Allura a hanyar gabas

Kafin jirgin sama, mai niyyar hajji daga ƙasar Hausa ƙasa ya ke bi. Daga Kano ya nufi Barno, ya ƙetare zuwa Cadi, ya bi ta Abeshe ya shiga Darfur, ya kai Al-Ubayyid, daga can sai Hartum, sai Sawakin a bakin Bahar Maliya, inda zai shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Talaka ba ya fita da guzurin da zai kai shi. Abin da ya ke yi shi ne ya yi tafiya har kuɗi su ƙare, ya tsaya ya yi aiki, ya tara, ya ƙara gaba. Saboda haka waɗansu su kan shekara biyar ko goma ba su ga Ka'aba ba, waɗansu ma can su ke zama har mutuwa. Bayan da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Mai Wurno ya wuce gabas da jama'a, suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar, har yau da sunansa a ke kiran garin. Da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925 mutanenmu da yawa suka sami aiki a ciki. A Sudan a kan kira su Fallata, a Makka kuwa Takari.

To, cikin matafiyan nan wa ya fi sauƙin kaya? Maƙeri sai da uwar maƙera da zugazugi. Marini ba ya ɗaukar karofi a kai. Amma maɗinki, allura da zare da almakashi duk sa shiga aljihu ɗaya. Ko'ina ya sauka, in ya sami inuwa ya sami shago. Mai ɗinkin hula ma yana iya yin aikinsa yana jiran mota ko jirgi. Baduku, watau mai ɗinkin fata, shi ma haka, da basillarsa da 'yar wuƙarsa.

Ga yadda abin ya kan kasance. Baƙo ya kan sauka a zango, unguwar baƙi ke nan, wurin mai masauki. In an tambaye shi sana'arsa ya ce ɗinki, sai a haɗa shi da yaro ya kai shi rumfar maɗinka a kasuwa. Can ba mai tambayarsa takarda. Ya yi sallama, ya zauna gefe, ya miƙa abin da ya ɗinka. Babban rumfar ya karɓa, ya juya cikinsa waje. Ku lura da wannan, gama shi ne gwajin maɗinka ko'ina cikin duniya. Mai saye fuskar aiki ya ke dubawa, maɗinki kuwa bayansa, inda ƙulli da tsallaken zare su ke, don nan ne ba a iya ɓoye ƙyuya. In baya ya yi tsaf, sai a matsa wa baƙo a tabarma, a ba shi abin yi. Hausawa su kan ce, "Sai an gwada a kan san na ƙwarai."

A irin zaman nan ne zane ke ƙaura daga hannu zuwa hannu. Ko a gida ma haka ne. Aikin babbar riga, irin su aska biyu da aska takwas, tarayya ce tsakanin Hausawa da Nufawan Bida da Yarabawan Ilori, kuma sau da yawa malamai da almajirai ne masu zana shi, mutanen da ba su zama wuri ɗaya. Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin Kano suna kai wa har Tambutu da Tarabulus. Inda riga ta je, maɗinkin can zai juya ta ya ga yadda aka yi. Ba ɗinki kaɗai ke tafiya ba, har da kalmomi. In kun je Hartum kuka ji ana sayar da wani gasasshen nama mai yaji wai shi agashe, to, Hausa ce ku ke ji, daga "a gashe".

Abin da na gani a Dubai

Yanzu hanyar ƙasa ta ja baya, jirgin sama ya gaje ta. Amma matafiyi har yanzu ya kan yada zango, ɗaya daga cikin manyan zangunan zamanin nan kuwa shi ne Dubai, cikin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa wadda aka kafa a 1971. Wani rafin teku ya raba tsohon birnin biyu, Bur Dubai a hayi ɗaya, Deira a ɗaya hayin. Deira ita ce wajen 'yan kasuwa, nan fataken Kano ke sarin kaya. Yawancin telolin birnin baƙi ne daga Indiya da Pakistan da Bangaladash.

'Yan shekarun baya na raka kawuna Umra. Shi mutumin birnin Zariya ne, sana'arsa kayan doki, kowace shekara gab da Salla a kan kawo masa tsofaffin lifidai ya gyara. A hanyar dawowa muka kwana biyu a Dubai don ya sayi zare da karammiski. Muka sauka a Al Khabaisi, wata unguwa ta gefen Deira kusa da filin jirgin sama. Ba unguwar kallo ba ce, shagunan motoci ne da ɗakunan ajiyar kaya da gidajen ma'aikata. Hannun jakarmu ya tsinke, muka shiga wani ɗan shagon tela don a kama mana.

Telan dattijo ne, mutumin Sindh ta ƙasar Pakistan. Yana cikin duba jakar, sai na ga Kawu ya ƙura wa bencin da za mu zauna ido. Wani mayafi ne aka ninka a kai, ja da baƙi da rawaya, ƙyallaye masu kusurwa uku jere reras. Kawu ya ce mini, "Kai, tambaye shi ko na taɓa." Ban gama haɗa Turancina ba, dattijon ya riga ya gane, ya warware mayafin ya miƙa masa. Kawu ya juya bayansa, ya kai shi bakin ƙofa wajen haske, ya bi layin ɗinkin da farce. Da dattijon ya ga haka sai ya ajiye jakarmu, ya nuna hular Kawu. Kawu ya tuɓe ya ba shi. Shi ma ya juya cikinta waje. Suka dubi juna suka yi dariya.

Daga nan aikina na tafinta ya kusa ƙarewa. Kawu yana da ɗan Larabcin allo, dattijon yana da ɗan Larabcin kasuwa, sauran kuwa da yatsa suka ƙarasa. Ya ce sunan mayafin ralli, matarsa ce ta ɗinka masa da zai baro gida. A ƙasarsu aikin mata ne. Su kan tara tsofaffin tufafi, su rina, su yayyanka su haɗa fuskar, a tsakiya kuma su jera tsummoki hawa hawa maimakon auduga, su shimfiɗa bisa tabarma a ƙasa, su bi shi da ɗinki layi kusa da layi. A kan sa shi cikin kayan amarya, a kan kuma shimfiɗa wa babban baƙo.

Kawu ya ce in nuna masa hoton hawan Salla a wayata. Da dattijon ya ga doki cikin lifidi, sai ya riƙe baki, ya ce in tambayi Alhaji ko sanyin ƙasarmu ne ya kai har a ke ɗinka wa dawaki mayafi. Kawu ya yi kamar mai ɗana baka, ya nuna kibiya ta zo ta maƙale. Dattijon ya kaɗa kai, ya kira yaronsa ya kawo shayi. Sai da muka yi kusan awa biyu. Kawu ya ɗauki wani guntun ƙyalle ya ɗinka gida biyu, ya cusa auduga, ya gwada masa yadda a ke rufe baki. Shi kuma ya gwada wa Kawu yadda a ke ninka bakin ƙyalle mai kusurwa uku don tsininsa ya fito sosai. Da za mu tafi ya ƙi karɓar kuɗin gyaran jaka. Kawu ya ce, "Ɗana, wannan ba a biyansa da kuɗi." Ya buɗe kaya ya ciro sabuwar hula ya ba shi.

Kukansu ɗaya ne

Kada ku ɗauka hirar tasu duk dariya ce. Dattijon ya jawo wani bargo na kanti da aka buga wa zanen ralli da inji, ya nuna da yatsa kuɗinsa bai kai rabin rabin na hannu ba. Ya ce 'ya'yansa mata ba su koya ba. Kawu ya ce shi ma haka, rigar da mai aikin hannu zai yi wata da watanni a kanta, keken kwamfuta ya kan gama irinta a yini, cikin yaransa kuma babu wanda ya iya lifidi daga farko har ƙarshe, sai dai gyara. Ashe abin da kowannensu ya ke tsammani masifar garinsu ce, ta game duniya.

Amma tafiya takan kawo magani wani lokaci. A Alƙahira, kusa da ƙofar Bab Zuwaila, akwai wata rufaffiyar kasuwa da aka gina wajen 1650, inda maza ke ɗinkin da a ke kira khayamiya. Su kan yanka ƙyalle mai launi su ɗora bisa wani, su ɗinke da hannu, a yi adon manyan rumfunan biki da na zaman makoki. Da masana'antu suka fara buga zanen bisa yadi mai araha, ciniki ya faɗi, rikicin 2011 kuma ya kori baƙi masu yawon buɗe ido. Wata mace mutuniyar Ostiraliya mai suna Jenny Bowker, wadda ita ma mai ɗinkin mayafi ce, ta zauna a Masar ta ga aikinsu, ta gane gwanintar da mutanen gari suka daina gani. Ta yi ƙoƙari har aka kai waɗansunsu manyan tarurrukan masu wannan ɗinki a Ostiraliya da Ingila da Amurka. Can suka zauna suna aiki gaban jama'a, matan da suka san wuyar allura suka kewaye su suna kallo, suka saya da daraja. A 2015 har an yi fim a kansu.

Dalilin wannan a fili ya ke. Wanda bai taɓa riƙe allura ba, in ya ga na inji da na hannu sai ya ɗauki mai araha. Wanda ya san abin kuwa ya kan ƙidaya kwanakin da ke cikinsa. Saboda haka maɗinki ya fi samun mai ganin darajarsa wurin ɗan'uwansa maɗinki, ko da daga bangon duniya ya fito. A Amurka ma, matan wani ƙauye na baƙaƙen fata a Alabama, Gee's Bend, sun yi shekaru aru aru suna haɗa mayafai da tsofaffin wandunan aiki don maganin sanyi, ba wanda ya kula, sai da aka rataye su a gidan nunin zane a Houston a 2002 sunansu ya game ƙasa. Mutanen Daular Larabawa su ma sun farga da nasu. Wata saƙar zare da matansu ke yi don adon wuya da hannun riga, wadda su ke kira talli, ta shiga jerin abubuwan gado na UNESCO a 2022.

Da muka komo Zariya, Kawu ya hana a zubar da guntayen ƙyallen da ke taruwa ƙarƙashin keke. Ya sa yaransa biyu suna haɗa su, suna yin shimfiɗar zama da abin goyon sirdi, tsummoki a tsakiya yadda dattijon nan ya gwada masa. Ba zan ce muku ya yi arziki da su ba, kaɗan a ke saye. Amma ya ce yaron da hannunsa ya saba da bin layi a kan shimfiɗa, ran da aka ba shi lifidi ba zai tsorata ba. Hausawa su kan ce, "Tafiya mabuɗin ilmi." Ga mai sana'a, ilmin nan har da sanin darajar abin da ya baro a gida.

Ku kuma da ku ke koyon Hausa, in Allah ya kai ku Kano ko Zariya, kada ku tsaya ga kallon hawan Salla daga nesa. Ku shiga kasuwar Kurmi, ko ku bi zaurukan birni inda maɗinka ke zaune. Ku yi sallama, ku ce, "Sannunku da aiki." Za a amsa muku, "Yauwa, sannu kadai." In aka miƙo muku hula ko riga, ku karɓa da hannun dama, ku juya bayanta ku duba kafin ku yaba. Wadda ke da mayafin kakarta kuwa ta tafi da shi. Ta shimfiɗa shi gabansu, ta tambaye su sunansa da Hausa, in ta dawo ta gaya mini abin da suka ce.